Tambayoyi da Amsoshi kan Lokaci Mai Ci a Nahawun Turanci

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan fitowa daga bakin Hausawa mazauna Legas masu koyon Turanci, tun daga ɗaliban da ke shirin zana jarrabawar WAEC da JAMB har zuwa magidantan da ke halartar ajin yamma a Agege, Idi-Araba da Obalende bayan sun tashi daga kasuwa. Dukkansu sun shafi sigar da littattafan nahawun Turanci suke kira present continuous, wasu kuma present progressive, wadda malaman Hausa za su kira lokaci mai ci. Bahaushe ba ya shan wahalar koyon wannan siga, domin ita ce ta farko da take zama a bakinsa. Wahalarsa ita ce sanin inda ba ta shiga, saboda haka yawancin amsoshin a kan wannan suka fi tsayawa.

Mene ne wannan lokaci, kuma yaya ake gina shi?

Siga ce da ake nuna aikin da aka fara, ba a kai ga gamawa ba, kuma yana gudana a daidai lokacin da ake magana ko a 'yan kwanakin da ake ciki. Gininta kashi biyu ne da ba sa rabuwa. Na farko shi ne ɗaya daga cikin kalmomin nan uku, am ko is ko are, na biyu kuma aikatau ne da aka liƙa wa -ing a ƙarshensa. Am ta mai magana ce shi kaɗai, is ta mutum ɗaya ce ko abu ɗaya da ake ba da labarinsa, are kuwa ta jam'i ce da kuma wanda ake yi wa magana, ko shi kaɗai ne ko suna da yawa. Ɗan dakon da ke sauke kwandunan tumatir a kasuwar Mile 12 zai ce "I am offloading tomatoes", wanda ke kallonsa zai ce "He is offloading tomatoes", idan kuma su uku ne a kan motar sai a ce "They are offloading tomatoes". Da zarar an yar da kashi ɗaya, jimla ta karye: "He offloading" kuskure ne, "He is offload" ma kuskure ne.

Ashe ba daidai yake da "ina, kana, yana" na Hausa ba?

Ya yi kama da shi, amma bai kai shi faɗi ba, kuma daga wannan kamar ce yawancin kurakurai suke tasowa. "Ina" ta Hausa tana ɗaukar ayyuka da dama. Da ita ake faɗin abin da ke gudana yanzu, kamar "ina cin abinci". Da ita ake faɗin sana'a da al'ada, kamar "ina sayar da albasa a Mile 12" ko "ina zuwa Agege duk Juma'a". Da ita ake faɗin mallaka, kamar "ina da rumfa biyu", da ita kuma ake faɗin abin da ke zuciya, kamar "ina son ɗana ya yi karatu". Gaskiya ne Hausa tana da lokaci sabau, wato "nakan je, yakan zo", amma a maganar yau da kullum mutane sun fi barinsa su yi amfani da "ina" da "yana", kuma babu wanda zai ce sun yi kuskure.

Turanci bai yarda da wannan haɗin ba. A cikin ayyukan nan, na farko ne kawai ya ba lokaci mai ci. Sauran ya miƙa su ga sigar da ba ta da -ing, wadda ake kira simple present. Saboda haka mai albasa zai ce "I sell onions at Mile 12", mai zuwa Agege zai ce "I go to Agege every Friday", mai rumfa zai ce "I have two stalls".

Tambayoyi biyu ne suka fi bayyana wannan bambanci, kuma duk mai neman aiki a ofis ko a kamfani a Ikeja ko Apapa zai ci karo da su. Idan aka ce wa mutum "What do you do?", sana'arsa ake tambaya, amsar kuma ita ce "I am a driver" ko "I repair phones". Idan aka ce masa "What are you doing?", abin da hannunsa yake kai yanzu ake tambaya, amsar kuma tana iya zama "I am filling a form". Duka biyun a Hausa ana iya cewa "me kake yi?", yanayin magana ne ke raba su. Wanda bai san haka ba sai a tambaye shi sana'arsa ya amsa da cewa yana jiran a kira sunansa.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba gardama a mafi yawan lokuta. Kafin mutum ya juya jimlarsa zuwa Turanci, ya ƙara mata "yanzu haka" ko "kwanan nan" a zuciyarsa. Idan ta karɓa ba tare da ma'ana ta sauya ba, to -ing ce. Idan kuwa "kullum" ko "dama can" ce ta fi dacewa da ita, ko ana iya maye "ina" da "nakan", to a bar -ing. Da wannan gwaji ne ake gane bambancin "I live in Agege" da "I am living in Agege". Ta farko maganar wanda ya zauna ne da iyalinsa, ta biyu kuma maganar wanda ya sauka wurin ɗan'uwa kafin ya samu ɗakin haya. Duka biyun Turanci ne mai kyau, sai dai ba abu ɗaya suke faɗi ba.

Malam, me ya sa aka ja mini jan biro a kan "I am having a shop in Alaba Rago"?

Saboda have a nan mallaka take nufi, mallaka kuwa a idon Turanci hali ne da mutum yake ciki, ba aiki ne da yake yi ba, don haka ba a ce tana gudana. Akwai rukunin aikatau masu irin wannan ɗabi'a waɗanda ba kasafai suke karɓar -ing ba. Wasu na mallaka ne, irin su have, own da belong. Wasu na sani da fahimta ne, irin su know, understand, believe da remember. Wasu na so da ƙi da buƙata ne, irin su like, love, hate, want, need da prefer. Sai kuma 'yan kaɗan da ɗan kasuwa yake amfani da su kullum, wato owe, cost da contain. Daidai shi ne "I have a shop", "He owes me money", "This bag belongs to Alhaji". A titunan Legas "He is owing me" ta zama ruwan dare har mutum ba ya jin ta a matsayin kuskure, amma mai duba takardar jarrabawa yana ganinta.

Abin lura shi ne Bahaushe bai cika yin kuskure a kan know da understand ba idan daga Hausa yake tunani, domin a Hausa "na sani" da "na gane" ake cewa, ba "ina sani" ba. Inda ƙafarsa take zamewa shi ne inda Hausa ta sa "ina": ina da, ina so, ina bukata, ina bin sa bashi. Wanda ya haddace waɗannan huɗun da Turancinsu, wato "I have", "I want", "I need" da "he owes me", ya rage kaso mai yawa na jan biron da ke takardarsa.

To amma ai na ji Turawa da kansu suna cewa "I am having lunch". Su ba kuskure suke yi ba?

Ba kuskure suke yi ba. Wasu daga cikin waɗannan aikatau suna da ma'ana biyu, ɗaya ta hali ɗaya ta aiki, kuma ta aikin tana karɓar -ing. Have a cikin "I am having lunch" cin abinci take nufi, a cikin "We are having a meeting" kuma zaman taro take nufi, duka biyun kuwa ayyuka ne masu farko da ƙarshe. Haka think: "I think the price is too high" ra'ayi ne, amma "I am thinking about the price" yana nufin mutum yana cikin nazari bai yanke shawara ba. Haka weigh: mahauci a mayankar Oko-Oba idan yana ɗora nama a sikeli, "he is weighing the meat", amma nauyin naman kansa sai a ce "it weighs ten kilos". Haka see: "I see the bus" gani ne da ido, "I am seeing the doctor tomorrow" kuma alƙawarin ganawa ne.

Har be kanta tana shiga wannan layi. "He is rude" na nufin rashin kunya halinsa ce. "He is being rude" na nufin yanzu ne yake nuna rashin kunya, mai yiwuwa ma ba a san shi da ita ba.

A maganar hira da tallace-tallace ana karya wannan ƙa'ida da gangan domin jan hankali, kamar yadda kamfanin abinci na McDonald's ya yi da takensa "I'm lovin' it" tun daga 2003. Wannan ba hujja ba ce ga mai rubuta wasiƙar neman aiki.

Yaya zan ce "ina jin Turanci", "ina jin yunwa" da "ina jin wari"?

Aikatau "ji" yana ɗaukar kaya masu yawa a Hausa, Turanci kuwa ya rarraba su, kuma kusan babu ɗaya a ciki da ke ɗaukar hearing. "Ina jin Turanci" shi ne "I understand English" ko "I speak English". "Ina jin yunwa" shi ne "I am hungry", babu wani aikatau mai -ing a ciki. "Ina jin wari" shi ne "I can smell something". Ko jin sauti na kunne ma, Turanci ya fi son can: idan layin waya ya yi rauni mutum yana tsakiyar cunkoso a gadar Third Mainland, abin da zai tambaya shi ne "Can you hear me?", ba "Are you hearing me?" ba, amsar kuma "I can hear you". Wanda ke karɓar -ing hankali kwance shi ne listen, domin saurare aiki ne da mutum yake yi da niyya: "I am listening to the radio".

Mene ne laifin "I am coming" idan zan fita in dawo?

A Legas babu wanda zai kasa fahimtarka. Bahaushe yana cewa "ina zuwa" yana juya baya, Bayarabe yana cewa "mo ń bọ̀" a irin wannan hali, mai Turancin buroka kuma yana cewa "I dey come", saboda haka harsunan garin duka sun haɗu a kan ma'ana ɗaya, Turancin Najeriya kuma ya ɗauke ta. Amma a daidaitaccen Turanci "I am coming" tana nufin mai magana yana tahowa wurin wanda yake yi wa magana, kamar wanda aka ƙwanƙwasa wa ƙofa ya amsa daga ciki. Baƙon da ya zo daga Ingila ko Amurka zai ruɗe idan ya ga mai cewa yana zuwa ya nufi ƙofar fita. Abin da ake cewa a wurin shi ne "I will be right back" ko "Just a minute". Shawarar da ta fi dacewa ita ce a riƙe duka biyun, a san wanda ake magana da shi.

Wace ƙa'ida ake bi wajen rubuta -ing?

Mafi yawan aikatau ana liƙa musu ita ne kawai, kamar go da going, ko read da reading. Sauye-sauyen da ake samu kaɗan ne, amma su ne suke cin maki. Idan aikatau ya ƙare da e wadda ba a furtawa, sai a cire ta: come ta koma coming, write ta koma writing, make ta koma making. A lura cewa coming da m ɗaya ake rubuta ta, writing kuma da t ɗaya, domin "comming" da "writting" suna cikin kurakuran da suka fi yawa a takardun ɗalibai. Idan e biyu ce a ƙarshe, ba a taɓa su: seeing, agreeing.

Idan aikatau mai gaɓa ɗaya ne kuma ya ƙare da wasali ɗaya da baƙi ɗaya, sai a ninka baƙin: sit ta koma sitting, run ta koma running, stop ta koma stopping. Ba a ninka w da x da y, shi ya sa ake rubuta fixing da paying. Idan gaɓoɓin sun fi ɗaya, sai a duba inda nauyin furuci ya faɗa. A begin nauyin yana gaɓar ƙarshe, don haka beginning, amma a open da visit yana gaɓar farko, don haka opening da visiting. Harafin l yana da nasa hali: Ingila tana rubuta travelling da l biyu, Amurka tana rubuta traveling da ɗaya, makarantun Najeriya kuwa tsarin Ingila suka gada, shi ya fi dacewa ɗalibi ya riƙe. Na ƙarshe su ne masu ƙarewa da ie, waɗanda suke sauya ta da y: lie ta koma lying, tie ta koma tying, die ta koma dying.

"Am coming" da nake gani a WhatsApp daidai ne?

Ba daidai ba ne a rubutu. Abin da ake nufi shi ne "I'm coming", wato I am da aka taƙaita, sai kunne ya ji kamar "am" hannu kuma ya rubuta abin da ya ji. Jimlar Turanci tana bukatar mai aikin a fili. Tsakanin abokai ba komai, amma kada ta shiga saƙon da za a tura wa shugaban aiki.

Ta yaya zan san inda zan sa is da inda zan sa are idan jimla ta yi tsawo?

A nemi ainihin sunan da ake magana a kansa, kada a bi kalmar da ta fi kusa da aikatau. A cikin "The price of tomatoes is rising", farashi ne ke tashi, shi kuwa tilo ne, don haka is ce duk da tumatir jam'i ne. People da police jam'i ne, "the police are checking papers". Everybody da nobody tilo ne duk da suna nufin jama'a, "everybody is waiting".

Akwai abubuwa biyu da suka keɓanci Bahaushe a nan. Na farko, a Hausa ana cewa "Audu yana zuwa", wato suna da wakilinsa suna tafiya tare, sai mai koyo ya ce "Audu he is coming". Turanci ɗaya yake ɗauka, ko "Audu is coming" ko "He is coming". Na biyu, Hausa tana ba kowane abu jinsi, mota tana zuwa, jirgi yana tashi, amma Turanci it yake sa wa duk abin da ba mutum ba: "It is coming". Ita ce kuma ake sawa a maganar yanayi, inda Hausa take cewa "ana ruwa" Turanci yake cewa "It is raining".

Yaya ake tambaya da korewa, kuma yaya ake amsawa?

A tambaya, am ko is ko are ce take tsallakowa gaban mai aikin: "Are you going to Oshodi?", "Where is this bus going?". Ba a gina tambaya da do, irin ta "Do you go?", cikin wannan siga ko kaɗan. A korewa kuma not ake sakawa bayanta: "I am not going", "He is not working today", ana kuma taƙaita is not da are not zuwa isn't da aren't. Gajeriyar amsa ita ce "Yes, I am" ko "No, I'm not", kuma ba a taƙaita ta farkon zuwa "Yes, I'm".

Inda ya kamata a tsaya a yi hattara shi ne tambayar da ke ɗauke da korewa. Idan aka ce wa Bahaushe "ba ka zuwa?", yana iya cewa "e", ma'ana ya amince cewa ba ya zuwa. A Turanci amsa ba ta bin mai tambaya, tana bin gaskiyar al'amarin ne. Idan aka ce "Aren't you coming?" kuma mutum ba zai je ba, amsarsa "No, I'm not" ce, idan zai je kuma "Yes, I am". Direban da maigidansa ya tambaye shi haka ya ce "Yes" yana nufin ba zai zo ba, to za a zauna jiransa. Mafita ita ce kada a tsaya a kan yes ko no kaɗai, a cika amsar. Haka ma wutsiyar tambaya, wadda a Hausa "ko?" ce ko "ko ba haka ba?" a kowace jimla, a Turanci tana sauyawa da mai aikin: "You are coming, aren't you?", "She is cooking, isn't she?". Liƙa "isn't it" a bayan kowace jimla al'adar titi ce.

Na ga an rubuta "I am travelling to Kano tomorrow". Yaya lokaci mai ci zai yi maganar gobe?

Yana yi, idan abu ne da aka riga aka shirya. Wanda ya sayi tikiti ya ɗaure kaya ya sanar da gida, shi ne zai ce "I am travelling to Kano tomorrow", kamar yadda a Hausa ake cewa "gobe ina da tafiya" ko "gobe muna hanya". Wanda kuwa yanzu ne ya yanke shawara a tsakiyar magana, will ta fi dacewa da shi. Abin da ba a iya shiryawa ba ya shiga wannan siga, shi ya sa ba a cewa "It is raining tomorrow". Jadawalin da hukuma ta tsara kuma simple present yake ɗauka: jirgin ƙasan da ke tashi daga tashar Mobolaji Johnson a Ebute Metta zuwa Ibadan, wanda aka ƙaddamar a 2021, idan ana maganar lokacin tashinsa "The train leaves in the morning" ake cewa, fasinjan da zai shiga kuma ya ce "I am taking the morning train".

"Ina jiranka tun safe", ba "I am waiting for you since morning" ba ne?

A'a. Wannan yana cikin kurakuran da suka fi wuyar fita daga baki, domin Hausa ba ta sauya komai idan "tun" ta shigo jimla. Turanci kuwa, da zarar an ambaci lokacin da aiki ya fara ko tsawon da ya ɗauka har zuwa yanzu, sai ya koma wata siga mai have been ko has been. Daidai shi ne "I have been waiting for you since morning". Haka wanda ya zo Legas a 2015 yana nan har yau zai ce "I have been living in Lagos since 2015", ko "for many years" idan tsawon zaman yake son faɗi. Since tana tafiya da mafarin lokaci, for tana tafiya da tsawonsa.

Idan labarin jiya nake bayarwa fa?

"Ina" ta Hausa ba ta damu da yau ko jiya ba: "jiya ina cin abinci sai ya shigo". A Turanci dole am da is su koma was, are ta koma were: "I was eating when he came in". Masu rubuta insha'in labari a jarrabawa su kula da wannan, domin sukan fara da was a sakin layi na farko, kafin su kai na uku sun zame sun koma is.

Me ya sa wani sa'in ake haɗa lokaci mai ci da always, alhali an ce al'ada ba ta ɗaukar -ing?

Domin a nan ƙorafi ake yi. "He always parks here" labari ne kawai, a nan yake ajiye mota. "He is always parking in front of my shop" kuwa tana ɗauke da ɓacin rai, daidai da Bahaushe ya ce "kullum sai ya zo ya tare mini bakin shago". Ana kuma amfani da lokaci mai ci wajen abin da ke sauyawa a hankali ko da ba a ganin motsinsa a take, kamar "Rent is going up in Agege" ko "Lagos is growing".

Yaya ake fassara "ana", kamar a "ana gyaran hanya"?

Hanya biyu ce. A hira ana iya cewa "They are repairing the road", ba tare da an damu da su wane ne ba. A rubutu na hukuma da labarun jarida an fi son sigar da take sa abin da ake yi wa aikin a gaba: "The road is being repaired". Gininta shi ne is ko are, sai being, sai siga ta uku ta aikatau, kamar repaired, built ko sold. Kuskuren da aka saba shi ne musanya being da been, saboda furucinsu ya yi kusa a bakin mutane da yawa. Ƙa'idar ita ce being tana bin am, is da are, been kuma tana bin have da has. "The road is being repaired" na nufin ana kan aikin, "The road has been repaired" na nufin an gama.

Wannan siga ba tsohuwa ba ce a Turanci. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 18 ta fara bayyana a rubuce, kafin nan "the house is building" ake cewa a ma'anar ana gina gida, kuma wasu marubutan ƙarni na 19 sun yi ta sukarta suna ganin ɓata harshe ce. Yau ita ce daidai, tsohuwar kuma ta zama kuskure.

Shin Turancin buroka ne ke ɓata mana nahawu?

Ɗora masa laifin duka rashin adalci ne, domin harshe ne mai nasa tsari, da shi ake ciniki da shiga motar haya ta danfo, har BBC ta buɗe masa sashe a 2017. Abin da ke faruwa shi ne "dey" tana aiki kusan irin na "ina". Ana cewa "I dey chop" ga abin da ake yi yanzu, ana kuma cewa "I dey go market every day" ga al'ada. Saboda haka Bahaushen Legas yana jin tsari ɗaya a gida da Hausa, yana jin irinsa a titi da buroka, babu inda kunnensa zai saba da rabuwar da Turancin makaranta yake yi. Ba a bukatar ya bar buroka, ana bukatar ya san cewa "dey" ba kullum take komawa am, is ko are da -ing ba.

Wane atisaye ne ya fi amfani ga mai shirin jarrabawa?

Samun kiredit a Turanci sharaɗi ne na shiga jami'a, kuma a takardar insha'i ta WAEC akwai maki da aka ware wa tsabtar nahawu da rubutun kalmomi, wanda kowane kuskure yake ragewa. Haddar jerin aikatau tana taimakawa, amma abin da ya fi ta shi ne rubuta jimloli bibbiyu da aikatau ɗaya a kan rayuwar mutum ta zahiri, ɗaya ta kullum ɗaya ta yanzu. Mai shayi ya rubuta "I sell tea every morning" da "I am frying eggs for a customer". Ɗaliba ta rubuta "I attend a school in Mushin" da "I am preparing for my exams". Bayan haka a ɗauki duk wani rubutu da aka yi a baya, a ja layi ƙarƙashin kowace kalma mai -ing, a tambayi kai abu uku: ko akwai am, is ko are a gabanta, ko jimlar tana karɓar "yanzu haka", ko kuma akwai since ko for a cikinta da za su tilasta a koma have been. Wanda yake da abokin karatu su yi musayar takardu, domin idon mutum yakan tsallake kuskuren da bakinsa ya saba furtawa.